Sojan da ke daji ma ɗan wani ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina karanta jaridarku ta waya daga nan Gadarif, kuma duk sanda kuka kawo labarin yaƙin Sudan sunan gari kawai nake gani da sunan janar, an kama Sinja, an ƙwato Madani, shikenan. To yaran da suka taka har can da ƙafarsu fa? Cikinsu akwai namu, Hausawan Mai Wurno da Damazin da Kasala da nan Gadarif, jikokin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa tun bayan yaƙin Burmi a 1903 da kuma alhazan ƙafa da suka yada zango a hanyar Makka.

Ƙanena na cikinsu. Kafin 15 ga Afrilu 2023 riɗi yake nomawa, ko harsashi bai taɓa riƙewa ba, da Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disamba 2023 mutane suka yi ta kwararowa garinmu da ƙullin kaya a ka sai ya je ya ba da sunansa ya shiga soja. Abin da yake faɗa mana in ya samu dama, wallahi harbi ba shi ne ya fi yawa ba, tafiya ce da jira. A tashe su kafin asuba, shayi in an samu sukari, adas ko ful (nau'o'in wake ne) da rana, wani lokacin dabino da ruwa kawai. Ruwan ma na hanyoyin ban ruwa na jihar Jazira ne, a tace da rawani a sha, ga kwalara da ta ɓarke a 2024. Da damina kuwa baƙar ƙasar nan tamu ku tambayi duk wanda ya santa, mota ta kafe sai a sauka a tura, takalmi ya yi nauyi kamar an ɗaura maka bulo, ƙafa ta kumbura, dare yayi sauro ya karɓi aiki, sallah da taimama, kunne na sama saboda jirgi mara matuƙi.

Amma duk wannan bai dame shi kamar gida ba. In ya kira tambayarsa ɗaya ce, Inna ta samu maganin hawan jininta? an biya kuɗin haya? yarinyar ta fara tafiya? Lokacin da layukan waya suka ɗauke a Fabrairu 2024 tsohuwar nan ko abinci ba ta iya ci, kullum tana kan darduma. Yanzu ma sai ya samu inda ake hayar Starlink, wato intanet na tauraron ɗan Adam, ya turo saƙon murya na minti ɗaya, ɗan abin da ya samu ya turo ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, matarsa ta yi ta maimaita saƙon har yara sun haddace. Ranar 11 ga Janairu 2025 da sojojin gwamnati suka sake shiga Madani gari na ta guɗa, mu kuwa waya muka tasa a gaba muna jira.

Ni ba siyasar yaƙi na zo yi ba, kowace uwa a ƙasar nan kukanta ɗaya. Roƙona dan Allah ku nemi iyalan sojojin nan ku ji ta bakinsu ku buga, 'yan uwanmu na Kano da Sakkwato da Damagaram su san halin da ake ciki su saka mu a addu'a. Mu kuma na nan, limamai da masu unguwa, a riƙa leƙa gidajen da mazansu ke daji, ko mudun dawa ne a kai, a tambayi yaran ko suna zuwa makarantar allo.

Naku,
wani mai karatu daga Gadarif, Sudan