Zuwa ga Uwata a Kasala, kan zaɓen jami'a

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggonki da yaran gida. Mu nan Mai Wurno sai godiyar Allah. Tun daren da kika faɗa mana sakamakon shahadar Sudan ta gama sakandare, gidan nan bai rabu da 'yan barka ba. Jarrabawar da yaƙi ya sa aka ɗage fiye da shekara, kika zauna mata a garin da ba naki ba, kuma Allah ya fid da ke kunya. Allah ya yi miki albarka.

Kin ce in faɗa miki jami'ar da za ki sa a farko cikin takardar neman shiga karatun likitanci. Na ga gara in rubuto, don a waya kowa sai ya sa baki.

Kawunki ya ce Jami'ar Hartum, ba ya son jin wata magana. Ban ga laifinsa ba. Makarantar da ta faro daga Kwalejin Gordon a 1902, ta zama jami'a a 1956, shekarar da ƙasar nan ta sami 'yanci, ai ba a ja da ita. Ba banza ɗalibai ke kiranta kyakkyawa mai wuyar samu ba. Ni ma da ƙuruciyata ita na yi buri. Mahaifiyarki kuwa Jami'ar Sinnar take so, dalilinta ɗaya ne: ki kwana kusa da ita. Uwar da ta yi watanni tana kwana da fargaba a lokacin da Sinja, babban birnin jiharmu ta Sinnar, ta faɗi a yaƙin a 2024, ba a ce mata ta yi son kai.

Ni Jami'ar Jazira nake so ki sa a farko, kuma ba don in raba gardamarsu ba ne.

Kin san na yi fiye da shekara ashirin ina aikin ƙaramin asibiti a ƙauyukan Jazira kafin mu dawo gida. A can na fara ganin ɗaliban likitanci na Madani, garin da Jami'ar Jazira take. Ba a babban asibiti na gan su ba, a ƙauye na gan su, sun zo sun tare da mu, suna bi gida gida suna tambayar inda ake ɗiban ruwan sha, da wanda ke da masai da wanda ba shi da shi, da yara nawa ke fitsarin jini. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Sai daga baya na gane haka aka gina karatun tun da aka kafa jami'ar a 1975: ɗalibi ya san cutar a inda take kama mutum kafin ya san ta a kan gado. Tsargiya a ruwan magudanan gonakin auduga take, zazzaɓin cizon sauro ma daga can yake tasowa. Wata yarinya daga cikinsu, ba ta fi shekarunki ba, ta zauna a kan tabarma ta yi wa mata bayanin dalilin da zai sa su hana yara wanka a magudanar ruwa. Ban manta ba har yau, domin a ranar na yi addu'a Allah ya ba ni 'ya irinta. Lokacin ko auren mahaifiyarki ban yi ba.

Kada ki bari kowa ya ce miki jami'ar jiha ce kawai. Jazira ta girmi jami'o'in da aka bubbuɗe a jihohi daga 1990 zuwa sama, kuma likitocinta sun yi suna har a ƙasashen waje. Cibiyar kula da masu ciwon daji da ke Madani ma tata ce. Suna linzami ne, gaskiya, amma akwai sunan da aka gada, akwai wanda aka yi wa gumi.

Akwai kuma abin da ke hannunki wanda yawancin abokan karatunki ba za su samu ba, wato Hausa. A kambo-kambon Jazira, wato sansanonin 'yan ƙwadago, akwai mutanenmu da yawa da ke aikin gona, kuma na sha ganin tsohuwa ta zo asibiti ta kasa faɗin abin da ke damunta, wani lokaci don Larabcinta bai kai ba, wani lokaci don kunyar namiji. Sai ta ce kai ne ke mata ciwo, alhali abin ba a kai yake ba. Ranar da irin wannan tsohuwar ta ji likita mace ta ce mata "Sannu Inna, ina ne ke miki ciwo?", rabin aikin ya ƙare. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi a 1903 sun bar mana harshen nan, kada ki ɗauke shi abin ɓoyewa a cikin aji.

Ba zan rufe ki ba, Madani ta sha wuya. Daga Disambar 2023 har zuwa Janairun 2025 ba ta hannun gwamnati, kuma jami'ar ba ta tsira daga ɓarna ba. Hartum ma haka ta sha, daga Afrilun 2023 zuwa 2025. Saboda haka ba wadda za a zaɓa yau da labarin jiya kaɗai. Mako mai zuwa in Allah ya yarda zan shiga motar safe in je Madani da kaina. Zan duba ko ana shiga aji ne ko har yanzu ta waya ake karatu, don likitanci ba a koyonsa ta waya. Zan leƙa asibitin koyarwa, in ga ɗakin kwanan 'yan mata, da ruwa da wuta, in kuma zauna da Yayarki da ke can mu yi maganar inda za ki riƙa zuwa ranar Juma'a. Gani ya kori ji. Idan abin da na gani bai kwanta mini ba, ni da bakina zan ce ki canza.

Batun kuɗi kuma, ki sani ba mu da ƙarfin gurbin da ake biya da kuɗin kai. Gonar bakin kogi ba za ta ɗauke shi ba. Don haka ki cika takardar da lissafi, kada ki zuba likitanci kaɗai tun daga sama har ƙasa. Ki sa haɗa magunguna da aikin jinya da na gwaje-gwaje a bayansa, har da na Kasala, tun da kin riga kin saba da garin.

Zaɓin naki ne, Uwata, ke za ki yi zaman shekarun nan ba ni ba. Ki yi istihara. Idan zuciyarki ta tsaya a kan Hartum, ki faɗa mini ba tare da jin nauyi ba, zan raka ki har ƙofar makarantar. Kafin ki tura takardar dai ki ɗauki hotonta ki aiko mini in gani.

Mahaifiyarki ta ba direba ƙullin kuka da daddawa, ki karɓa a tasha ranar Laraba. Ki gaida Gwaggonki da kyau.

Mahaifinki.