Wasiƙa ga iyaye: darasin tashin ƙudan zuma

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon ɗalibai.

Gaisuwa da fatan alheri daga makarantarku ta nan Katsina. Wasunku sun aiko suna tambayar abin da ya sa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare suke ta aron daro da ludayi, suna kuma tsugunawa gindin zogale suna zura wa ƙwari ido. Mu muka sa su, kuma karatu ne sosai.

Tambayar da malamin kimiyya ya ba su ita ce: yaya ƙudan zuma yake tsayawa cak a gaban fure, ba ya gaba, ba ya baya, kuma bai faɗo ba? Jirgin sama sai ya sheƙa da gudu, iska ta bi ta kan fikafikansa, sannan ya ɗaga. Shi kuwa ƙwaron nan a tsaye yake, fikafikan kaɗai ke aiki.

Manyan masana ma sun sha wahalar wannan tambaya. A 1934 wani masani Bafaranshe, Antoine Magnan, ya rubuta cewa in aka bi lissafin fiffiken jirgi, bai kamata ƙwaro ya iya tashi ba. Ashe lissafin ne bai dace da ƙwaro ba. Sai a 1996 Charles Ellington da abokan aikinsa a Jami'ar Cambridge ta Ingila suka hura hayaƙi a kan fiffiken wani babban ƙwaron dare, suka ga abin da ke faruwa ƙiri-ƙiri.

Ga abin da muke so yara su gane. In ƙudan zuma yana tsaye a iska, fiffikensa gaba da baya yake zuwa, kusan a kwance, sau wajen 230 a daƙiƙa guda. Duk sanda ya kai ƙarshe sai ya murɗe ya juyo, ta yadda bakinsa na gaba ne kullum ke tsaga iska, ko a tafiya ko a dawowa. Fiffiken yana tafiya ne a karkace ƙwarai. Fiffiken jirgi in karkacewarsa ta wuce digiri 15 ko makamancin haka, iskar da ke samansa sai ta watse, ɗagawar ta lalace. A wajen ƙwaro kuwa, iskar nannaɗewa take yi a saman bakin fiffiken kamar 'yar ƙaramar guguwa, ta manne a wurin har ƙarshen bugun. Cikin wannan nannaɗi matsin iska ya yi ƙasa, don haka fiffiken ke zuƙuwa sama. Ni a ganina nan ne zuciyar darasin, kuma yaron da ya kama wannan ya kama abu babba.

Amfanin daron ke nan. A cika shi da ruwa, a barbaɗa dusa kaɗan a kai, a ja bayan ludayi a karkace a hankali. Za ku ga dusar tana kewaya a gefen ludayin. Kada ku raina gwajin: a 1999 wani masani a Amurka, Michael Dickinson, cikin tankin mai ya kaɗa manyan fikafikan roba don ya auna irin wannan motsi.

Sauro ma ya shigo darasin. Kukan nan da yake hana mu barci ƙarar fikafikansa ce, waɗanda ke bugawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, da gajeren zango na kusan digiri 40 kawai.

Muna da roƙo. Wanda wayarsa ke ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, ya taimaka ya zauna da yaro da hantsi su ɗauki ƙudan zuma a kan fure, yaron ya zo da bayanin abin da ya gani. Kallo kawai aka ce: ba kamawa, ba jifa, kuma kada yaro ya kusanci amya ko kogon bishiyar da zuma ta zauna. In harbin zuma yana sa ɗanku kumburi mai tsanani, ku sanar da malamin ajinsa tun yanzu, za a ba shi wani aikin. Ruwan daron kuma a zubar da shi da an gama, kada ya kwana ya zama wurin ƙyanƙyasar sauro.

Ranar ziyarar iyaye mai zuwa yaran za su nuna gwajin a harabar makaranta, muna sa ran ganinku. Allah ya yi wa zuri'a albarka.

Wassalam,
Shugabar makaranta