Tsoffin gine-ginen Zanzibar da ganuwarmu ta James Town

Malam Edita, assalamu alaikum.

'Yan'uwanmu na Nima da Sabon Zango a Accra da ke zuwa Darussalam fatauci sukan tsallaka Zanzibar a jirgin ruwa, tafiyar kusan awa 2. Kowa ya riƙe katin rigakafin shawara, domin ana tambayar wanda ya fito daga Gana.

Da an sauka, a bi titin Mizingani zuwa tsohon asibitin da attajiri Tharia Topan ya aza harsashinsa a 1887, aka gama a 1894. Ya lalace ƙwarai kafin gidauniyar Aga Khan ta gyara shi a shekarun 1990. A tsaya a dubi bangon da kyau. Da dutsen murjani aka gina shi, aka ɗaure da farar ƙasa, kuma da ita aka sake yaɓa shi, ba da siminti ba. Dalili kuwa, dutsen murjani yana shan danshi da gishirin teku. Farar ƙasa tana barin danshin ya fita ya bushe. Siminti kulle shi yake yi a ciki, gishirin ya ci dutsen a ɓoye, katakon da ke ɗauke da daɓen sama ya ruɓe daga kansa da ke cikin bango, sai wata rana yaɓen ya zubo gaba ɗaya. Haɗin da aka saba shi ne kwano 1 na farar ƙasa da aka jiƙa ta daɗe, da kwano 3 na yashi marar gishiri, a yaɓa siriri-siriri, ana yayyafa ruwa kada ya bushe da sauri ya tsattsage. Jinkirin gyara ma yana da tsada: wani ɓangare na Beit al-Ajaib, ginin Sarki Barghash na 1883, ya rufta a Disamban 2020.

Shagunan tsaraba suna cikin tsohuwar ganuwa da titin Gizenga. Kanumfari da kirfa sun fi araha a kasuwar Darajani. A shinshina kafin a biya, kuma a yi ciniki.

Abin da ke damunmu shi ne James Town, tsohuwar unguwar bakin teku a nan Accra. Ganuwar Ussher ta 1649 da ta James ta 1673, da tsoffin gidajen da ke kewaye da su, iskar teku iri ɗaya ke dukansu, amma maginanmu da yawa buhun siminti kawai suka sani. Muna roƙon jaridarku ta nemi tsoffin maginan da suka iya aikin farar ƙasa, ta ji daga bakinsu tun suna raye.

Wassalam,
Wasu magina daga Nima, Accra