A Daina Zuba Gishiri a Ramin Wayar Ƙasa

Malam Edita,

Muna jan hankalin masu ɗakunan ajiyar bayanan kwamfuta: UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan ta ɗauke) da janareta ba su wadatar ba idan wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, ta lalace. Da rani ƙasar Arewa kan bushe, turjiyarta ga wucewar lantarki ta hau. A auna ta lokacin hunturu, kada ta wuce ohm 5 (ohm shi ne ma'aunin turjiya). Gishirin da ake zubawa a rami don rage turjiya yana cinye sandar jan ƙarfe da aka kafa a ciki, damina kuma ta wanke shi. Bentonite, wani yumɓu mai riƙe danshi, ya fi gishiri. A kafa sanduna masu tsawon mita 3, tazararsu aƙalla mita 3.

Kowace kantar saba (kwamfutar da ke ajiye bayanai) ta samu wayarta ta ƙasa mai kaurin 16mm² zuwa babban ƙarfen da wayoyin ƙasa ke haɗuwa a kai, a kankare fenti kafin ɗaurewa. Filogi biyun saba kuma, kowanne da UPS ɗinsa.

Naku,
Wasu masu aikin lantarki, Kano