Zuwa ga Dogo, daga Damagaram

Assalamu alaikum mutumina. Ya sanyin Faransa, ya Hajiya da yara? Shirun naka ya yi yawa, ko cuku ne ya toshe maka baki?

Kawu na Birni ba lafiya. Likitoci sun ce kansar hanji ce, kuma ta yi nisa. An tura shi Yamai, cibiyar masu kansa ta ƙasa, tafiyar kusan kilomita 900 a mota, ga jiki ba ƙarfi. Ka san jikin Kawu. Yanzu wuyan rigarsa har zamewa yake daga kafaɗa. Ashe tun bara yake ganin jini in ya zaga, bai faɗa wa kowa ba sai wani mai maganin gargajiya da ya yi ta ɗura masa jiƙo. A garin nan kowa ya ga jini sai ya ce basir ne ko atini, magana ta ƙare.

Kunya ce ta fi cin mutanenmu. Dattijo mai jikoki a ce ya kai bayan gidansa awo, ko a zura masa na'ura mai kyamara ta dubura, kuma mai aikin sa'an ɗansa ne! Mata kuwa sai sun nemi izinin maigida, sannan su yi ta fatan mace za su tarar. Ga kuɗi. Wanda ke lissafin tiyar hatsi ba zai fitar da jikkuna ya auna cutar da ba ta kwantar da shi ba. Wasu kuma tsoron sakamakon ne kawai, sai su kira shi tawakkali, alhali Manzo (SAW) ya yi umarni da neman magani.

Af, Ƙarami ya buɗe shago a kasuwar Dole, har yana maganar ƙarin aure. Uwargida ba ta ji ba tukuna, kar ta fito daga bakinka.

To, kai kuma. Hajiya ta gaya wa maiɗakina cewa takardar awon kansar hanji ta zo maka ta gidan waya, ka jefa ta aljihun tebur. Haba Dogo! A can duk mai shekara 50 zuwa 74 ana kiransa kowace shekara 2, kyauta, a bayinka za ka ɗebi ɗan kaɗan ka aika, ba wanda zai gan ka. Jinin da ido ba ya gani ake nema. Cutar kan fara da ɗan tsiro a hanji, yakan yi shekaru kafin ya rikiɗe, in an gan shi da wuri a cire shi. Mu nan ba mai aiko mana da irin wannan takarda. Don Allah ka yi a satin nan, ka kira ni in ji.

In za ka taimaka wa Kawu, ka turo ta hannun babban ɗansa, shi ke jinya. Alkakin da ka yi ta naci yana nan, sai an samu mai tafiya.

Naka,
Abokinka na Zango