A Daina Kwafar Fasalin Bayanai da Hannu

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin malaman da ke koyar da rubuta manhaja a kan wani aiki da ɗalibai ke yi da hannu, wato kwafar fasalin bayanai daga wata manhaja zuwa wata, alhali kwamfuta ta fi su iya shi.

A harsunan rubuta manhaja na C da C++, fayil mai ƙarewa da .h shi ne inda ake bayyana fasalin bayanai, wato sunan kowane gurbi da irin abin da zai ɗauka, lamba ce ko rubutu. Idan manhajoji biyu za su yi musayar saƙo, dole su bi fasali ɗaya, kuma rikici yana tasowa ne idan kowane ɓangare ya rubuta nasa, domin ranar da wani ya ƙara gurbi ɗayan bai sani ba, saƙon zai iso a hargitse ba tare da wani gargaɗi ba.

Maganin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1980 kamfanin Sun Microsystems ya samar da rpcgen, wanda ke karanta bayanin fasali daga fayil mai .x ya fitar da fayil mai .h. A 2008 Google ya saki Protocol Buffers, wani tsari mai irin wannan aiki, ga kowa, inda umarnin protoc --cpp_out=. dalibi.proto ke haifar da dalibi.pb.h da dalibi.pb.cc nan take, kuma daga wannan bayani ɗaya ana samun na harsunan Java da Python.

Komawa baya, daga .h zuwa bayani, shi ne ya fi wuya, duk da cewa manhajar bindgen tana yi wa masu amfani da harshen Rust makamanciyar wannan hidima. Dalili shi ne fayil mai .h ba ya bayyana duk abin da ake bukata. Fasalin da ke da char ɗaya (gurbin harafi, mai bayit 1) sannan int ɗaya (gurbin lamba, mai bayit 4) yakan ci bayit 8 na ma'ajiya a yawancin kwamfutoci, ba 5 ba, saboda cikon bayit 3 da ake sakawa a tsakani, wanda manhajar pahole ke iya nunawa. Haka nan manuni, wato gurbin da ke riƙe adireshin wani abu a ma'ajiya, ba ya bayyana ko abu ɗaya yake nuni gare shi ko dubu.

Saboda haka ina ba malamai shawara su sa ɗalibai su riƙe bayanin fasali a matsayin asali, su sanya umarnin da ke fitar da .h cikin Makefile, wato fayil ɗin da ke jera umarnan gina manhaja, kuma a rage makin duk wanda ya gyara da hannunsa fayil ɗin da na'ura ta fitar, tunda gyaran zai shafe da zarar an sake gudanar da umarnin.

Naka,
Wani malamin kwamfuta, Zariya