A Bari Masu Sana'a Su Duba Kafin A Ɗora A Sikeli

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan uwana kanikawa, da magada, da 'yan gwangwan na Zariya da kewaye. Ni bakanike ne. Na shiga koyon aiki a Sabon Gari a 1977 ina ɗan shekara goma sha huɗu, kuma har yau da ƙarfi ya fara ja da baya ban bar gareji ba. Jikana ne ke riƙe da biro, ina faɗa yana rubutawa. Abin da ya sa na zaunar da shi wani abu ne da na gani da idona bayan babbar sallar da ta wuce, wanda har yanzu in na tuna sai abinci ya fita raina.

Maigidana da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa da rahama, ya rasu ya bar injin sassaƙar ƙarfe ƙirar Colchester, tsohon aikin Ingila. A gwanjo ya saye shi ina yaron gareji, kuma mu takwas muka sauko da shi daga mota, muka jera bututun ƙarfe a ƙasa muna mirgina shi kaɗan-kaɗan tun hantsi har la'asar. A kan injin nan aka fere dirom ɗin birki ba adadi, aka yanka zaren noti, aka yi bushi na tagulla ga motocin da kayansu suka ɓace a kasuwa. Masu injin niƙa daga Giwa da Soba da Maƙarfi sukan kawo shaf ɗin injin Lista da ya cinye, a cike shi da walda, a ɗora a fere har ya koma awonsa, mutum ya koma ƙauye a ranar ya ci gaba da niƙa wa mata hatsi. Maigida ba ya barin kowa ya ajiye ko sufana a kan gadon injin. Kullum da yamma sai an share shi an shafa masa mai, an lulluɓe shi da buhu kamar doki a lokacin sanyi.

Shagon ya yi shekara biyu a kulle bayan rasuwarsa. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaji sana'ar, kowa da abin da Allah Ya hore masa. Da aka zo rabon gado ana son a sayar da filin, sai aka kira 'yan gwangwan su kwashe abin da ke ciki. Injin ya fi ƙarfin ɗauka, don haka suka sa masa guduma. Wanda bai san ƙarfen zubi ba zai ɗauka ba ya fasuwa, alhali yana darewa kamar tukunyar ƙasa. Wani tsohon abokin aikina ne ya bugo mini waya, na hau acaɓa, amma ko da na isa gadon injin ya rabu biyu, ana ɗora gutsattsarin a sikeli ana kiran kilo. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa cewa komai.

Abu uku na fansa a hannun yaran a ranar. Akwai matsin ƙarfe na kan teburi ƙirar Record, da ma'aunin kaurin ƙarfe a cikin akwatinsa na katako, sai wani giya guda mai haƙora 127 da na tsinto a cikin tarkace. Bari in faɗi amfanin wannan giya, don a gane irin asarar da ake yi cikin rashin sani. Tsofaffin injinan Ingila da inci suke yanka zare, su kuwa motocin Faransa da Jamus da Japan da milimita ake ƙera notinansu. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, in ka ninka sau biyar ka sami 127. Da wannan giya ne ake sa injin inci ya yanka zaren milimita. In babu shi, injin yana nan lafiya lau amma ba zai yi maka notin Fijo ba. Na san shaguna biyu a garin nan da ke da irin wannan inji sun rasa giyan, ga shi kuwa an kusa narkar da ɗaya a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba.

Ba na zargin yaran da suka fasa shi. Sana'arsu ke nan, halal suke nema, kuma da ba don su ba da garin nan ya cika da ruɓaɓɓun gwangwanaye da ke tara ruwa da sauro. Sikeli nauyi kawai ya sani. Mai saye a kudu, inda ake narkar da ƙarfe a mai da shi rodin gini, ba ruwansa da ko injin yana aiki. Ba na zargin magada su ma, domin ba su san abin da ke hannunsu ba. In akwai mai laifi, mu ne da muka sani muka yi shiru shekara biyu, kowa yana cewa gobe zan je in yi musu magana.

A nan nake kira ga malamanmu masu rabon gado da dattawan unguwa. In mamaci ya bar gona ana kiran wanda ya san farashin gona, in ya bar shanu ana kiran dillalin kara. Don me in ya bar kayan gareji sai a ce tarkace ne a kira mai sikeli? A cikin magadan maigidana akwai ƙananan yara biyu na amaryarsa. Da an sayar da injin nan a matsayin inji mai aiki, da abin da zai shigo ya ninka na kilo sau da yawa. Wannan haƙƙin marayu ne ya salwanta, ko da ba da gangan ba. Kiran bakanike ɗaya amintacce ya yi wa kaya kuɗi ba zai ci wa kowa fiye da wuni guda ba.

Haka abin yake a wajen tsofaffin motoci. Yaran yanzu suna ganin Fijo 504 a matsayin motar kakanni, to amma mu a gabanmu aka yi ta. A Faransa ta fito a 1968, kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma bayan Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983 mu nan aka ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Gwamna ya shige ta, malamin makaranta ya karɓi bashi ya saye ta, direban tasha ya yi Zariya zuwa Funtuwa da Gusau da ita har ya aurar da 'ya'yansa. A lokacin Legas na harhaɗa Volkswagen, Bauchi na yin Steyr, Inugu na yin manyan Marsandi, Kano na yin Fiat, Ibadan na yin Leyland. Duk waɗannan sun zuba ƙarafa a ƙasar nan, kuma ragowarsu na kwance a bayan gidaje da tsofaffin gareji daga Muciya zuwa Tudun Wada.

Wani zai ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To ni maganar bana nake yi. Je ka hanyoyin ƙauye ranar kasuwa ka ga abin da ke ɗauko rake da tumatir da buhunan masara. Har gobe akwai a-kori-kura Fijo 404 da 504 a cikinsu, domin su ne talaka zai iya saya, kuma bakaniken ƙauye zai iya gyara su a gindin bishiya da sufana huɗu da sukudireba, ba sai an jona kwamfuta ba. Abin da ke kashe waɗannan motoci rashin ƙananan kaya ne. Kafireto na asali ƙirar Solex, da distiributa, da giyabos, da murfin inji, da lagireto na tagulla wanda ake iya buɗewa a wanke a sake like shi da dalma. Sababbin da ake kawowa a kwali wasunsu ba sa kai damina biyu. Na asalin kuwa suna cikin motocin da ake sarewa da gatari. Murfin injin 504 na alminiyom ne, don haka masu zubin tukwane suna sonsa. Jikin tsohuwar Landiroba shi ma alminiyom ne. Na taɓa ganin wata mai sitiyari a dama, irin waɗanda aka shigo da su kafin Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, an yayyanka ta cikin yini ɗaya. Gilashinta da fitilunta da agogon gabanta duk lafiyarsu ƙalau, aka farfasa aka zubar saboda ba su da nauyi a sikeli.

A watan jiya wani direba daga wajen Hunƙuyi ya kwana uku yana neman kafireton 504. Ya je Panteka a Kaduna, ya aika Ƙofar Ruwa a Kano, abin da ya samu duk an sha gyara sun gaji. Daga ƙarshe a cikin wani tsohon akwatina aka samu, wanda na cire daga wata mota da ta yi hatsari shekaru da dama da suka wuce, na wanke da kananzir na naɗe a tsumma mai mai. Muka canza masa gasket muka ɗaura, bugu ɗaya mota ta tashi. Mutumin nan yana da iyali goma sha ɗaya, kuma tumatirin mutane na jiransa a gona.

Ajiyar ba ta da wuya in an san ta. Injin mota in za a ajiye shi a zubar da ruwan da ke ciki, a cire filogi a ɗiga baƙin mai a kowane rami, a mayar, a riƙa juya shi da hannu lokaci-lokaci don kada fistin ya kama. Kada a ajiye shi a ƙasa, a ɗora a kan katako ko tsohuwar taya, a rufe shi daga ruwan sama. Ƙananan kaya a rubuta sunan motar a jiki da fenti, domin bayan shekara biyar kai da ka cire ma sai ka yi kokwanto. Injin sassaƙa kuwa gadonsa ne ransa, in tsatsa ta ci shi ko ya sha duka an gama. Giyoyinsa da muƙamuƙan kamunsa a zura su a waya ɗaya a ɗaure a jikinsa, kada a raba su da shi ko da za a kai shi wani gari.

Na yarda ba kowane ƙarfe ne ya cancanci ajiya ba. Bodin da tsatsa ta cinye, da bulok ɗin da ya tsage, da shasin da ya karye, a kai su sikeli, kuɗinsu ya yi amfani. Ko sifirin ɗin da ya karye ma maƙeranmu sun fi kowa sanin darajarsa, da shi suke ƙera gatari da fartanya da wuƙar da ba ta dakushewa da wuri. Abin da nake roƙo shi ne a tace kafin a narkar.

Ga shugabannin ƙungiyarmu ta kanikawa, NATA, reshen Zariya da Sabon Gari, ina ba da shawara a zauna da shugabannin 'yan gwangwan a yi yarjejeniya ta mutunci. Duk lokacin da aka kira su kwasar tsohon gareji ko tsohuwar mota, su sanar, a ba mu kwana biyu ko uku. Abin da muka zaɓa mu biya su fiye da kuɗin kilo, kowa ya ci riba. Wannan zai kuma taimaka wajen gane kayan sata, domin bakanike yana iya bambance abin da aka cire da sufana a natse da wanda aka fizge da dare. In an sami rumfa ɗaya mai ƙofa da makulli, da littafin da ake rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, ya isa a fara.

Sannan Zariya garin ilmi ne. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 da sashenta na injiniya, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, muna da cibiyar nazarin sufuri ta ƙasa, NITT, a hanyar Basawa. Garin da jirgin ƙasa ya ratsa tun 1911, har ya zama mararrabar layin Kano da na Ƙaura Namoda, bai kamata a ce babu ɗaki ɗaya da yaro zai shiga ya ga injin 504 a buɗe ba, ya juya shi da hannunsa ya ga yadda fistin ke hawa da sauka, bawul na buɗewa yana rufewa. Motocin yanzu an rufe komai da roba, yaro sai ya shekara a gareji bai ga cikin inji sosai ba. Ina roƙon waɗannan makarantu, in suna da tsofaffin injinan koyarwa da za su rabu da su, su yi gwanjonsu ga masu sana'a a matsayin injina, a sanar a fili. In kuma suna son na nuni, akwai dattawa irina da za su ba da kyauta, su zo su yi wa ɗalibai bayani ba tare da an biya su ko kwabo ba. Mu da muka san waɗannan kaya muna raguwa, bara kaɗai mun binne uku daga cikin waɗanda muka yi koyo tare.

Matsin ƙarfen maigidana na ɗaure shi a teburina, yarana suna aiki da shi kullum. Giyan mai haƙora 127 kuwa na kai wa ɗaya daga cikin shagunan nan biyu, muka gwada, ramin tsakiyarsa ya yi ɗan faɗi. Mai shagon ya ce zai fere masa bushi a kan injin nasa, ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan koma mu yanka notin farko.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon bakanike,
Sabon Gari, Zariya.